Daji Na Wane Ne?

Ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya da mu ke so ku riƙe, ku tafi da ita gida ran hutu, ku yi wa tsofaffinku. Tambayar ita ce, daji na wane ne? Kada ku yi gaggawar amsawa, don ta fi yadda a ke ganinta nauyi. In kun tambayi tsoho a ƙauye, watakila ya ce, "Daji ai na Allah ne." In kun tambayi malamin daji, ya ce, "Na Gwamnati ne, ga taswira, ga turakun iyaka." In kuwa kun tambayi baƙon da ya zo kallon giwaye da madubin hangen nesa rataye a wuya, sai ya ce na mutanen duniya ne duka. Ko wannensu da gaskiyarsa. Amma tsakanin amsoshin nan uku akwai dogon tarihi, wanda mulki da launin fata suka shiga cikinsa dumu-dumu. Shi mu ke so mu warware muku gwargwadon hali.

Mu dai a ƙauye muka tashi, kafin mu san baƙi da wasali mun san itatuwa. Kakanninmu mata su ne malamanmu na fari. Su suka nuna mana kuka mai ba da miya, da ɗorawa wadda a ke daddawa da kalwarta, da kaɗanya mai man kaɗe, da tsamiyar kunu, da sabara wadda a ke dafa wa mai jego, da ɓawon maɗaci na mai zazzaɓi. Maƙeri ya san kirya, don gawayinta ya fi riƙe wuta. Masassaƙi ya san marke, don ƙotar da aka yi da shi ba ta saurin karyewa. Mu yara kuwa, tamu ita ce magarya da kanya da ɗinya da goriba, ko wace da lokacinta. In damina ta yi gardama, rumbu ya ƙare tun gero bai nuna ba, sai a nufi daji a ɗebo tafasa da yaɗiya da aduwa, a yi maganin yunwa kafin kaka. Watau a wurin talaka daji rumbu ne na biyu, kuma ɗakin magani, kuma kasuwar da ba a tambayar kuɗi.

Kada kuwa wani ya gaya muku wai kafin zuwan Turawa daji sakaka ya ke, kowa ya yi abin da ya ga dama. Maharba suna da sarkin baka, masunta suna da sarkin ruwa, farautar gayya kuma tana da lokacinta, sai an kau da amfanin gona. Akwai hurumi wanda ba mai noma shi, akwai burtali da aka bar wa shanu, akwai mashayar da ba mai toshe ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan hukuncin ƙasar da ba a noma ba, da hurumi, da yadda mutum ke samun hakki a kansu. A Damagaram har yanzu a kan ba da labarin yadda sarakunan da suka tsananta wa mai saran gawo. A Argungu kuma kowa ya san ba a shiga su a Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwan. Ba mu ce babu zalunci a wancan zamani ba, don mai ƙarfi ya kan fi marar ƙarfi rabo ko yaushe. Abin da mu ke cewa shi ne, masu yin dokar da masu binta rijiya ɗaya su ke sha, kowa ya san dalilinta.

To, ga yadda al'amari ya sake. Ran 19 ga Mayu, 1900, watau shekara 3 kafin a ci Kano da Sakkwato, wakilan ƙasashe 7 suka sa hannu ga wata yarjejeniya a birnin Landan, ta kiyaye namun daji da tsuntsaye da kifayen Afirka. Akwai Ingila, da Faransa, da Jamus, da Italiya, da Fotugal, da Sifen, da Kwango wadda ke hannun Sarkin Beljiyam a lokacin. Ba baƙin mutum ko ɗaya a zauren. Suka kasa dabbobi kashi-kashi: ga waɗanda za a kare, ga waɗanda za a harba da lasin, ga kuma waɗanda suka ce mugaye ne, a rage su, cikinsu har da zaki da damisa da kura da kada da mesa. Suka ce kuma a taƙaita farauta da raga da rami. Yarjejeniyar ba ta fara aiki sosai ba, don ba duka ƙasashen suka tabbatar da ita ba, amma daga cikinta gwamnonin mulkin mallaka suka riƙa ɗibar dokokinsu.

Ku lura da kyau a nan. Shekara 10 kafin wannan, a taron Burasal na 1890, an riga an hana sayar wa mutanen Afirka bindigar zamani, sai adaka da baƙin albarushi. Da aka zo kuma aka ƙuntata raga da rami, daga baya aka haɗa da tarko da dafi, me ya rage wa maharbin ƙauye? Baka da kibiya ba su ka da ɓauna sai da dafi. Ashe ke nan an halatta farauta irin ta mai kuɗin lasin da bindiga mai harsashi, an haramta irin ta mai neman abin sa wa miya. Na fari aka kira shi gwanin harbi, na biyu aka kira shi ɓarawon nama.

Alhali kuwa ba kibiya ce ta ƙarar da namun Afirka ba. Cinikin hauren giwa da bindigar baƙi su suka yi ɓarnar. A Afirka ta Kudu akwai wani irin jakin dawa da Turawa 'yan kaka-gida suka harbe ƙaf, na ƙarshensa ya mutu cikin gidan namun daji a Amsitadam a 1883. A 1909 tsohon Shugaban Amurka, Theodore Roosevelt, ya zo farauta Afirka ta Gabas. Kafin ya koma a 1910, shi da ɗansa sun harbe dabbobi 512, cikinsu zaki 17, giwa 11, karkanda 20, aka ce na gidan tarihi ne, jaridu suka yi ta yabo. Ƙungiyar da manyan Ingila suka kafa a 1903 don kare namun ƙasashen da ke ƙarƙashinsu, yawancin 'ya'yanta tsofaffin maharba ne, har mutanensu suka yi musu laƙabi da mahautan da suka tuba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sa'an nan sai aka zo da wata dabara, ita ce ta keɓe daji a fid da mutane daga cikinsa ɗungum. A Amurka ta samo asali, inda aka keɓe Yellowstone a 1872, aka raba jajayen mutanen ƙasar, waɗanda suka daɗe suna zama da farauta a wurin, da shi. A Afirka ta Kudu, Baturen da aka ba riƙon dajin Sabi a 1902 ya tashi mutane da yawa daga gidajensu, har Tsonga suka sa masa suna Skukuza, watau mai share wuri ƙaƙaf. Dajin nan shi ya zama gandun Kruger a 1926, babban masaukinsa kuma har yau sunan nan ya ke amsawa. Shekaru da yawa masaukan gandun na farar fata ne. Baƙi ya shiga a matsayin kuku ko mai gadi, in kuwa kallo ya zo, sai wani ɗan sansani marar kyan gani da aka ware masa. Wani taro da aka sake yi a Landan a 1933 ya ƙarfafa wannan dabara ga dukan Afirka. A Tanganyika, ƙasar da a ke kira Tanzaniya yanzu, aka fid da Masai da shanunsu daga Serengeti a 1959. A 1969 kuma aka kwashe mutanen Makuleke, wajen mutum 3,000, daga arewacin Kruger da bakin bindiga, aka sa su ƙone bukkokinsu da hannunsu.

A ƙasarmu abin bai kai haka tsanani ba, don Turawa ba su zo nan da niyyar kaka-gida ba, amma iri ɗaya aka shuka. A 1910 aka yi shela cewa dukan ƙasar Nijeriya ta Arewa tana hannun Gwamna, shi zai riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. A 1916 aka yi dokar daji da dokar namun daji, a 1937 aka sabunta ta daji. Burin ma'aikatar daji shi ne ta keɓe rubu'in ƙasar Nijeriya, amma abin da ta samu bai wuce kamar kashi 1 cikin 10 ba. Gaskiya ne kafin a kafa gandu a kan aiko jami'i ya bincika hakkin mutane, a kan kuma rubuta cewa an yarda su tsinci 'ya'yan itace, su bi tsohuwar hanya. Sai dai takardar da Turanci ta ke, a ofis kuma ta ke kwana. Abin da ɗan ƙauye ya sani kurum shi ne, daga turken nan zuwa wancan, inda kakansa ya yi saura, yau in ya shiga da gatari ya zama mai laifi.

Mun ga wannan da idonmu muna yara. Wata tsohuwa a ƙauyenmu ta ɗauko busassun ƙirare daga gefen gandu, mai gadi ya tare ta, ya karɓe gatarin da igiyar, ya ce sai ta biya tara. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, icen da ya mutu da kansa ma na Gwamna ne?" Ya ce, "Iya, ni ma haka aka ce in yi." Abin lura, a lokacin Gwamna Bature ya daɗe da komawa gida. Mai gadin nan baƙi ne ɗan'uwanmu, yarenmu ɗaya. Bature ya tafi, ya bar dokarsa tana aiki da hannunmu.

A birni ma an yi rabon, sai dai can inuwa aka raba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta keɓe wa Turawa unguwarsu, aka bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakaninta da mazaunin baƙaƙe, ba mai gini a ciki. Dalilin da aka bayar shi ne sauro da zazzaɓi. Ba a yarda ɗan ƙasa ya zauna a unguwar ba sai in bara ne. Can aka yi manyan filaye, aka jera itatuwa a bakin hanya, aka yi lambuna da filin wasan ƙwallon dawaki. Ku da ke Kano ko Kaduna ko Zariya, ku gwada da kanku: ran da a ke zafin bazara ku ratsa tsohuwar unguwar Turawa da ƙafa, sa'an nan ku shiga unguwar talakawa da ta cika maƙil, ku ƙidaya itatuwan da kuka wuce nan da can. Yau ba a tambayar launin mai shiga, aljihunsa a ke tambaya, amma iyakar inuwar tana kusan inda aka ja ta.

Babbar hujjar masu keɓe daji ita ce, wai wuraren nan ba kowa, haka su ke tun fil azal. To, ku da kuka san ƙauye kun san in ka ga kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar dawa, kufai ne, da can gari ne. A gandun W na Nijar, wanda Faransa ta tabbatar a 1954, aka kuma sa masa sunan harafin don haka Kwara ta yi gwiwa a wurin, irin kukokin nan suna nan suna ba da shaida. A Yankari kuma akwai tsofaffin rijiyoyin Dukke fiye da 100, da matoyan tama na maƙeran da, da koguna da mutane suka sassaƙa cikin dutse suka zauna. Dajin da baƙo ya gani ya yi sha'awa, ya ce bari ya tsare shi daga mutane, hannun mutane ne ya rene shi shekara da shekaru.

Kada ku ɗauka muna cewa keɓe daji ba shi da amfani. Yana da shi ƙwarai. Yankari, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe a 1956, aka buɗe wa masu kallo ran 1 ga Disamba, 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma ba domin shi ba da wuya a ce yau akwai sauran garken giwaye a ƙasar Bauci. Wanda ya taɓa ganin gwanki da ɓauna sun zo shan ruwa a kogin Gaji, ko ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ba zai so a mai da wurin gona ba. Mutane sun ƙaru, gatari da bindiga sun ƙaru, dole a yi doka. Maganarmu ita ce, wa aka tambaya kafin a yi dokar, wa ya yi hasara, wa kuma ya ci riba? Yaro nawa ne cikin ƙauyukan da ke kewaye da gandun suka san giwa da ɓarnar gonar ubansu kaɗai, ba su taɓa shiga sun gan ta a matsayin baƙi masu daraja ba?

Ga kuma abin da ke biyo baya in aka raba mutane da dajinsu. Abin da aka ce ba naka ba ne, ba ka tsaronsa. Da ƙarfin ma'aikatar daji ya ragu, gandaye da yawa suka zama marayu: Gwamnati ta yi nisa, maƙwabta kuma an riga an koya musu cewa ba ruwansu. Masu gawayi da masu katako suka shiga. Sambisa, wanda aka keɓe don namun daji, ya zama mafakar mayaƙa tun wajen 2013. Rugu da Kamuku kuma suka yi suna da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Wannan masifa tana da dalilai da yawa, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu bari mu ba ku labari mai daɗi, daga 'yan'uwanmu na Nijar. A 1934 wani shaihin malamin daji na Ingila, Stebbing, ya zaga ƙasashen nan, ya koma ya ce hamada na tahowa, manoma da makiyaya ne kuma ke jawo ta. Ingila da Faransa suka tura hukumar haɗin gwiwa a 1936 da 1937, ta duba, ta ce ba ta ga alamar hamada na tafiya kamar yadda ya faɗa ba. Duk da haka zargin ya zauna. Faransa ta riga ta yi dokar daji ran 4 ga Yuli, 1935, wadda ta mai da dajin da ta ce ba mai shi na hukuma, ta kuma hana saran waɗansu itatuwa. Bayan samun mulkin kai aka ci gaba da ita. Manomi ya ga icen da ke gonarsa ba nasa ba ne, in ya sare reshe a ci shi tara, sai ya riƙa tumɓuke ko wane tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa mai gadi. Gonaki suka zama fayau, iska ta riƙa binne shuka da rairayi.

A 1983 wani mutumin Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da a ke sassabewa ko wace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In aka zaɓi tofo mafi ƙarfi aka bari, aka rage sauran, sai ya tashi da sauri fiye da dashe. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma, suka kira ta sassabin zamani. Abin da ya ba ta ƙafa shi ne, bayan yunwar 1984 hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata icen da ya rena nasa ne; a 2004 kuma aka yi sabuwar dokar daji da ta ƙara wa mutanen karkara hakki. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya, suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a kan fili wajen hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da abinci. Manoman da aka zarga da kiran hamada, su suka tare ta, ran da aka mayar musu da abinsu.

Mutanen Makuleke ma haka. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata suka kai ƙara, a 1998 aka mayar musu da ƙasarsu. Waɗansu suka yi tsammani za su shiga da garma da shanu. Sai suka zaɓi a bar ta dajin namun, su riƙa sarrafa ta tare da hukumar gandun, kuɗin masaukan baƙi na shiga asusun jama'arsu, 'ya'yansu na aikin tsaro da ja-gora. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

To, ya ku samari da 'yan mata, ga abin da mu ke roƙonku. Na fari, ku koyi sunan ko wane ice da tsuntsu na ƙasarku da harshenku, ku zauna gaban tsofaffi da littafi da alƙalami tun suna da rai, ku rubuta amfaninsa da lokacinsa. Wanda bai san sunan abu ba, ba ya iya tsaya masa a gaban alƙali. Na biyu, ku roƙi malamanku su kai ku gandun da ya fi kusa da ku, ku shiga ta ƙofa da rana tsaka, don kallon namun daji ba al'adar Turawa ba ce, gādonku ne. Na uku, ku dasa ice a inda ba inuwa, a unguwar talakawa da bakin kasuwa da farfajiyar makaranta, ku yi masa shinge, ku ba shi ruwa har ya fi ƙarfin akuya. Wannan magana tamu kuwa ba izini ba ce ga mai gatari; wanda ya ce daji nasa ne, nauyin tsaronsa ya hau kansa.

Na ƙarshe, cikinku akwai waɗanda za su zama malaman daji, da alƙalai, da masu yin doka. Ran da aka shimfiɗa muku taswira aka ce ku ja layi, ku ajiye alƙalamin tukuna. Ku tafi wurin da ƙafarku, ku tambaya wa ke ɗiban ruwa a nan, wa ke kiwo, wa ke tsintar kaɗe, kabarin wa ke ƙarƙashin kukar can. Ku zauna da su, mazansu da matansu, a ja layin tare, a rubuta shi da harshen da su ke ji, a kuma ba su rabonsu cikin abin da dajin zai kawo. In kun yi haka, kun sami masu gadi dubu waɗanda ba su jiran albashi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya bar mu da inuwarmu. Haza wasalam.